Zoben Madubin Cindo

Duk wanda ya wayi gari da irin shuka a Garin Mati, a daminar da ta biyo bayan babban farin nan, to ka bincika, akwai mace mai taurin kai a gidansa. A gidan Cindo sunanta Barira. Tun kaka ta ware ƴan zangarniyoyin da suka yi ido a gonarsu, ta sussuke, ta cuɗa da toka, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Suka ci ƴaƴan anza na daji har ɗaci ya zauna musu a harshe, suka ci ganyen jiga, suka ci jar dawar taimako da motocin soja ke saukewa a Urafane, wadda ko kaza sai ta yi shawara kafin ta kai mata baki. Tulun nan bai buɗu ba. Ran da ƙanen mijinta ya zo yana kewaye-kewaye da maganar ko tiya ɗaya ce a taimaka, zama ta yi a kan tulun tana tsifar kai har ya gaji ya tafi.

Hatsin ba irin na kasuwa ba ne. Gero ne, zango mai dogon kai, wanda uwar Cindo ta danƙa mata tun tana amarya, ita ma wajen tata surukar ta gada. In ya ƙare, ya ƙare ke nan. Ƴaƴansu maza sun tafi cin rani tun sanyi, babu su babu labarinsu, gida ya rage daga ita sai tsohon.

Shi kuwa Cindo, mai ɗan yatsa na shida a hannun hagu, tsakanin Tasawa da Mayahi babu manomin da bai ji sunansa ba. Zamanin gyaɗa ya yi gadin mangaza, wato ɗakin ajiyar gyaɗa, a Tasawa, inda wani Nasara mai awo ya ɗora shi a kan harbin gafiya da kusu da bindigar iska. Da Nasaran zai koma ƙasarsu sai ya bar masa ita. Bindiga ce marar albarushi: ka karya ta a tsakiya, ka cusa ƴar dalma kamar ƙwayar dawa, ka mayar ta ce ƙas. A gadon bayanta akwai madubi, ɗan bututu baƙi mai gilashi gaba da baya, wanda in ka leƙa sai abin da ke can nesa ya taho gabanka, zare biyu sun gitta a kansa. Da sojoji suka karɓi mulki aka bi gari-gari ana kwashe bindigogi, jandarmomi sun juya ta sun sake juyawa, suka ga ko akuya ba ta kashewa, suka bar masa bisa sharaɗi guda. Ran da aka gan ta a hannun wani ba shi ba, ta tafi.

Ba a taɓa ganinta a hannun wani ba kuwa. Barira kanta, duk shekarun nan, ko ƙura ba ta taɓa share mata ba. Shi ke shafa mata mai, shi ke naɗe ta a tsohon rawani, shi ke rataye ta. Da damina ta kawo kai sai a yi ta aiko masa daga ƙauyuka, kurege ya dame mu, zabin daji sun hana mu sakat. Ya je ya zauna gindin kalgo, kafin la'asar an huta.

To, a shekarar nan hadari ya yi ta leƙowa gabas yana komawa, mutane suka ce a yi binne, wato a zuba iri cikin busasshen rairayi ya kwanta ya jira ruwan farko. Barira ta fasa bakin tulun da bisimilla. Cindo na gaba da sungumi yana sara, tana biye tana jefa ƙwaya tana rufewa da dunduniya. Ta lura layinsa na karkacewa, shi da a da in ya ja layi sai ka ce da igiya aka gwada, amma ta ce yunwa ce, wa ta bari daidai a bana?

Ai kuwa yunwar ba ta bar kurege ba. Ɗan banzan nan ya san sawun dunduniya sarai. Hantsi na ɗagawa sai su fito daga ramukansu na gindin sabara, su bi layi rami-rami, su tone, su cinye, su bar maka ƙaiƙayi. Barira ta zaga gonar ta ga gefen gabas duk an bi shi, ta ji kamar cikinta aka tone. Babu sauran ko ƙwaya a tulu da za a yi maimai.

Cindo ya kwance rawani ya fita da bindiga. Ya dawo da yamma hannu rabbana, ya ce iska ce ta yi yawa. Washegari ya ce dalmar ce ta daɗe. Kullum da safe kafin ya fita Barira takan ɗauki battar dalmar ta girgiza kusa da kunne, kullum ƙarar na raguwa. Iyakar ƙasa a rufe take, sojojin can ƙetare su ma sun datse tasu, ƴan kasuwar da ke kawo dalma daga Katsina sun daina zuwa.

Ran nan ta dama ɗan kunun dawa ta bi shi gona. Ta hango shi gindin kalgo, gwiwa ɗaya a ƙasa, kunci a jikin katako, ko numfashi ba ka gani. Wallahi ko a yanzu zaman mutumin nan abin kallo ne. Ga kurege kuwa can hannun dama, a fili, ya baje wutsiya yana tona hankalinsa kwance. Bakin bindigar ba wajensa yake kallo ba. Ta ji tas, ƙura ta tashi a jikin wani kututturen sabara mai launin ƙasa. Kuregen ya ɗaga kai, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ta ƙarasa da ƙwarya a hannu, ta yi sallama. Ya sha kunu, ya ce yau ma sun yi wayo. Da azahar ta yi ya jingine bindigar, ya koma gefe ya yi taimama ya tayar da salla. Barira ta dubi bindigar, ta dubi bayansa. Sai ta ɗauka. Nauyinta ya ba ta mamaki. Ta kai ido ga madubin, ba ta ga komai ba sai fari-fari, kamar ta leƙa cikin ruwan tsari. Ta goge gilashin da bakin zane ta sake leƙawa, haka dai.

"Ba dauɗa ba ce," in ji Cindo. Ya sallame, bai ko juyo ba.

Ta rasa inda za ta ajiye ta.

"Kawo nan." Ya karɓa, ya lalubo wani zobe a ƙarshen madubin, wajen da ido ke zama. "Kin ga wanga? Shi ake murɗawa madubi ya dace da idon mai shi. Kowace shekara in na ji gani ya rage sai in ƙara mashi kaɗan. Bara ya kai ƙarshe, ba ya ƙara tahiya."

"Tun bara, Maigida?"

"Tun bara."

Haushi ya taso mata, tausayi ya taso ya danne shi. Ashe duk fitar da yake yi yana dawowa da dariya, a cikin hazo yake tafe shi kaɗai. "Shi ne ba ka hwaɗa mani ba? Muna ɗaki ɗaya?"

"In hwaɗa maki ki yi mi? Ki ciro naki idon ki ba ni?"

"In ba ka mana," ta ce. "Da wa zan ba?"

Ya shafa katakon, ya ce, "Kin san sharaɗin jandarma."

"Na sani. Na kuma san abin da ke cikin ƙasar ga. In kurege suka gama da shi, bindigar za mu shuka baɗi?"

Mutumin kirki ne Cindo, amma ba ƙaramin abu ba ne a ce wa namiji ya miƙa abin da aka san shi da shi. Duk da haka sai ya matso, ya ɗora mata gindin bindigar a kafaɗa, ya kama kanta ya kwantar da kuncinta a kan katakon. "Dubi kututturen can. Ni zan murɗa, ke ki ce mani in ya washe."

Ya fara mayar da zoben baya, a hankali, yana warware abin da ya yi shekaru yana ɗaurawa. Farin ya soma tsinkewa. Ya murɗa, ya murɗa, ita kanta ta ji tsoron yawan murɗin. Kwatsam sai ga kututture a gabanta tar, har da tururuwa na hawa.

"Tsaya nan," ta ce.

Abin da ta gani ya sa idonta ya cika. Duk dalmar da ya harba kwanakin nan tana jikin kututturen, wuri guda, a cure, tafin jariri ya rufe su. Ko ɗaya ba ta kauce ba. Hannun yana nan yadda yake, abin da zai nuna masa ne babu.

"Mi kika gani?"

"Na ga aikinka," ta ce. Ta share ido da bayan hannu don kada ta ɓata gilashin.

Koyon bai zo da sauƙi ba, kada wani ya yi maka ƙarya. Harbin farko ta manna ido da madubin, bindigar ta zabura ta sare ta a gira, Cindo ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin fari. Ya ce ta ja ido baya kamar faɗin yatsu uku, ta saki rabin numfashi ta riƙe rabi, kada ta fizgi kunamar, ta matsa ta kamar mai tatsar akuya. Karya bindigar ma sai da ƙarfinsa, shi ke karyawa ya sa dalma ya miƙo. Ta harbi kututture har ya yarda. Amma kurege ba kututture ba ne, ba ya tsayawa, kafin zaren ya zauna a kansa ya yi gaba. Ta ɓarar da dalma biyu a rairayi, ta ji kamar ta yi kuka.

"Bar wannan gare ni," in ji shi. "Ke dai ki bi shi da zare. In kin shirya ki taɓa ni da ƙahwa."

Ta bi wani ƙato mai tabo a kunne har ya tsaya kan wani rami ya fara tono. Ta taɓa Cindo da ɗan yatsan ƙafa. Sai ya kai bayan hannunsa baki ya tsotsa, wata ƴar ƙara siririya ta fita, irin kukan ɗan kurege. Ƙaton nan ya saki tono, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ƙirji a waje, yana neman mai kuka. Tas. Ya faɗi inda yake.

Ashe sirrin harbinsa ke nan da mutane ke ta cewa asiri ne. Ta ruga ta ɗauko shi yana shure-shure, Cindo ya zaro wuƙa ya yanka. Ran nan tukunyarsu ta ga nama.

Haka suka yi ta yi, daga hantsi zuwa la'asar, shi ya kira, ita ta harba, kamar dai yadda suke shuka. Da za su koma gida sai ya rataya bindigar a kafaɗarsa, ita ta ɗauki ƙwarya ta biyo baya.

Sai da Na Allah ya gan su. Maƙwabcin gonarsu ne, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa, ga shi surukinsa na share ofishin jandarma a Tasawa. Ya ɓullo ta bayan kalgo daidai lokacin da bindigar ke kafaɗar Barira. Na Allah ya dubi bindigar, ya dubi kuregen da ke jere a inuwa, ya dubi layukan da ba a taɓa ba. Sai ya ɗaga kai sama yana nazarin hadari, kamar abin da ya kawo shi ke nan.

"Cindo, ashe hannu na nan," ya ce.

"Da sauransa."

"To in ka samu sarari gobe ka leƙo tawa gonar, kurege sun gama da ni." Ya ɗan yi tari, har yanzu idonsa na sama. "Ka taho da mai kawo maka kunu, rana ta yi zahi."

Har Na Allah ya koma ga Mahaliccinsa ba a taɓa jin maganar nan a bakinsa ba, kuma duk wanda ya san shi ya san abin da hakan ya ci masa.

Ruwa ya sauka wata ranar Laraba da rana tsaka, mai ƙarfi, har ya kwanta a kwari. A lokacin dalmar da ta rage a batta ba ta ko ƙara in an girgiza. Bayan ƴan kwanaki suka fita da sassafe. Tun daga nesa Barira ta hango gonar, gefen gabas fayau babu komai, amma daga kalgo zuwa yamma layuka ne kore shar, a karkace yadda ya sara su, kowane rami ya fito da ƴan kunnuwansa.

"Ya hito?" in ji Cindo.

Ta kama hannunsa na hagu, mai yatsa shida, ta durƙusar da shi, ta ɗora a kan tsiron. Ya shafa, ya matsa gaba da gwiwa ya lalubo na biye, ya lalubo na gaba da shi. Ya daɗe a haka.

Da ya miƙe sai ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya kai madubin ido, ya juya wajen gonar, yadda ya saba yi duk shekara in shuka ta fito. Barira ta san babu abin da yake gani ciki. Zuciyarta ta karye.

"Kawo in mayar maka da zoben inda yake, Maigida. Ko kaɗan ne ka gani."

Ya sauke bindigar, ya shafa zoben da babban yatsa, bai murɗa ba. Ya miƙa mata.

"Bar shi inda yake," ya ce. "Leƙa ki hwaɗa mani har ina koren ya kai."