Wata Yarinya a Unguwarmu

Malama Hasana ta jingina wayarta da kwanon sha, ta gyara mayafi, ta danna ɗauka. Wata uku ke nan tana koyon rubutu ta intanet daga ɗakinta a Badafi. Aikin ƙarshe shi ne kowa ya zaɓi ƙungiyar masu buƙata ta musamman da zai riƙa yi wa rubutu, ya ɗauki bidiyo ya faɗi dalilinsa.

Zaɓin bai ba ta wuya ba. Ta ɗauki ƙungiyar da ke raba kekuna ga waɗanda shan inna ya kama. Dalilin kuwa ga shi can bakin ƙofa yana tsince shinkafa: Humaira, 'yarta ta fari, shekara ashirin da biyu, wadda ke tafiya da silifa a hannuwa.

To, a gidan su Hasana uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne. Tunda ta haifi Humaira ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "waccan". Ita ma Adda take ce mata, kamar yayarta. Son kuwa yana nan, har ciwo yake mata a ƙirji.

Bayani ya tafi sumul har ta zo kan dalili. Nan harshe ya yi nauyi.

"Akwai wata yarinya a unguwarmu," in ji ta, "da ita nake tunawa."

Tsintar shinkafa ta tsaya.

"Adda," Humaira ta ce a hankali, "kunya ce, ko ƙafafun ne?"

Hasana ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta goge bidiyon, ta sake. Sau huɗu tana zuwa wurin, Humaira na kallon bakinta, sau huɗu Hasana na jin kamar iyayenta na zaune a ɗakin, sai "wata yarinya" ta sake fitowa. A na biyar Humaira ta zura hannuwa cikin silifa ta ja jiki ta fita. Haka Hasana ta tura bidiyon, tana jin haushin kanta.

Bayan sati biyu, da la'asar, wani ma'aikacin ƙungiyar mai suna Mustapha ya kira. Muryarsa na fita a fili daga wayar, Humaira na gefe tana saƙar hula.

"Malama, mun ga bidiyonki, mun karɓe ki. Yarinyar nan ma za mu kawo mata keke. Ki ba mu sunanta da na mahaifiyarta."

Hasana ta buɗe baki, sai ta juya ta dubi Humaira. Mustapha ya ce, "Kina ji na?"

Humaira ba ta ɗaga kai daga hular ba.

"Ki ce masa sunanta Humaira, Adda. Ki ce marainiya ce."