Lamba Biyu a Gilashin Yaya

Mai Gilashi ya gama kafa sabon gilashin gaba a motar yayansa, ya goge gam daga yatsunsa, sannan ya tsaya yana juya makullin a hannu. Wata huɗu ke nan da aka jawo motar garejinsa, hancinta a murƙushe. Yanzu an gyara sauran, gilashin ne na ƙarshe. Yaya kuwa ko asibiti bai kai ba ya cika.

Motar irin mai nuna gudu a jikin gilashi ce. Wata 'yar fitila ce a ɓoye bayan sitiyari, tana harba haske kan madubi, madubin ya cilla shi gilashi, sai direba ya ga lamba tana shawagi can gaban motar, ba sai ya sunkuyar da kai ba. Yaya ya taɓa gaya masa daga jiragen yaƙi aka samo dabarar. Mai Gilashi, wanda bai taɓa hawa abin da ya fi tsani ba, ya ce to.

Bara dutse ya fasa gilashin asali. Mai Gilashi ne ya sa masa na gama-gari, yana bugun ƙirji cewa gilashi ai gilashi ne, shekara ashirin yana wannan sana'a. Bayan kwana biyu Yaya ya dawo da ƙorafi, wai lambar ta zama biyu, ta biyun dishi-dishi a saman ta farko kamar inuwa. Mai Gilashi ya ce tsufa ne, a nemi tabarau. Suka yi dariya. Daga nan Yaya ya kashe abin, ya koma duba gudu a allon ƙasa. Wanda ya ga haɗarin ya ce kansa a sunkuye yake lokacin da babbar motar gabansa ta taka birki.

Sai wajen sayen wannan sabon ne dillali ya yi masa bayani. Gilashi fuska biyu gare shi, ciki da waje, kowacce tana mayar da haske. Na irin wannan mota akwai leda a tsakiyarsa, mai kauri a sama, siririya a ƙasa, ita ke haɗa hotunan biyu su zama ɗaya. Dillalin ya ce ai duk mai gilashi ya san wannan. Shi kuma ya ce ƙwarai kuwa.

Yanzu Mai Gilashi ya shiga, ya tayar da motar, ya kunna abin. Babu komai. Sai da ya miƙe wuya, ya ɗaga kansa daga kujera, sannan sifili ya bayyana, kore, guda ɗaya tak, yana jira daidai tsayin idon Yaya.

A haka matar Yaya ta same shi. Tun ranar da aka kawo ta gidan, Gajere take kiransa, shi kuma bai taɓa samun hujjar musu ba. Ta tsaya nesa da motar. Ta ce marigayi ya sha cewa yana ganin abu biyu-biyu. Sau uku tana ce masa ya je wurin likitan ido, da ta ga yana ɓata rai sai ta ƙyale shi.

"Da na matsa masa, Gajere, da yanzu yana nan."

Kalmar ƙaddara tana bakinsa, a shirye, ba ta da nauyi. Ya haɗiye ta. Ya fito, ya roƙe ta ta zauna a kujerar direba, ta ɗan ɗaga kai.

"Lamba nawa kike gani?"

"Ɗaya."

"Da wannan gilashin na sa masa, shi ma ɗaya zai gani. Idonsa lafiya lau, matar Yaya. Aikina ne."

Ta daɗe tana kallon sifilin, injin yana ta kaɗawa. Can sai ya tambaya ko ya sauko da lambar daidai idonta.

"Bar ta inda ya bar ta, Malam," ta ce, ta jawo ƙofar motar ta rufe.