Ƙafar Gbetoho

Sartse ne fa kawai. Wallahi abin da ya fi ƙona wa Senami rai ke nan, duk wannan masifa daga sartsen ice ta faro.

Mijinta Gbetoho mai kafa akaja ne a tabkin Nokwe, irin rassan nan da ake cakawa a laka kifi ya taru a ciki. Ranar kwasa maza suka kewaye akajar da taru, suka nutsa suna tumɓuke rassa, nan wani ruɓaɓɓen tsinke ya shige masa tafin ƙafa. Ya ɗane kwalekwale ya zare shi da bakin wuƙa, ya mayar da ƙafar cikin ruwa yana kaɗawa. Haka kowa ke yi a Ganvie, garinsu da aka kafa a kan ruwan tabkin. In rani ya yi, gishirin teku ya shigo tabki, ruwan ne likitan kowa, tun kaka da kakanni.

Yayansa Akpovi har tsiya yake masa. "Kai rago, sartse ne ya zaunar da kai? Ko Senami ce ta ƙwace maka ƙarfi?"

"Ci gaba da surutu, Yaya, karfasa na tsere maka ta ƙarƙashin taru."

Da ƙafar ta fara kumburi, Senami ta sayo kafso ja da rawaya wurin mai tallan magani a kwalekwale, ta ɓare ta barbaɗa a ciwon, ta ba shi sauran ya haɗiya. Shi ma ba sabon abu ba ne. Wanda ke kiwon kifi a keji ma zuba shi yake a abincin kifi, masu kaji a Kalabi, garin da ke bakin gaɓa, su jiƙa a ruwan sha. Amma ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Ta kumbura tim, ta yi baƙi, mugunya na tsiyaya ta tsakanin katakon ɗaki tana ɗiga cikin tabki. Wari ya kori maƙwabta masu zuwa gaisuwa. Mutumin da ke nutso kamar kada ya koma kuka kamar yaro.

Ta tuƙa shi zuwa gaɓa, suka shiga mota sai wani asibiti a Kwatano. Aka yi allura, shiru. Aka sake wata mai tsada, aka rataya masa ruwa, shiru. Ta sayar da tarunsa, ta sayar da zannuwanta na biki, ciwo na ta hawa sama abinsa.

Likitan, wani dogo mai jajayen idanu don gajiya, ya kira ta gefe.

"Mama, mun gwada ƙwayar cutar da duk maganin da muke da shi. Babu wanda take ji."

"To ku sake wani mana, Likita! Ba ku ne masu ilimi ba?"

"Ya sa ciwon a ruwan tabki?"

"A ina zai sa shi da? Ai ruwan gishiri ne."

Likita ya shafa fuska. Ya ce ruwan ba na da ba ne. Kwatocin gari, wankin asibitoci, kashin kaji, ragowar kafso, duk can suke gangarawa. Ƙwayoyin cuta na zaune a ciki suna lasar magani kaɗan-kaɗan har sun saba da shi, kuma wadda ta saba sai ta miƙa wa 'yar'uwarta sirrin. "Kafin ciwon ya zo wurinmu, ya riga ya san duk abin da za mu ba shi. Sai dai a yanke, Mama. In ba haka ba gawa za ki mayar."

Wayyo! Senami ta zube a ƙasa. Mai ƙafa ɗaya a Ganvie, me zai yi? Ba zai tsaya a kwalekwale ya tokara gora ba, ba zai nutsa ba, ko tsanin ɗakinsa ba zai hau ba. Da ta faɗa wa Gbetoho, sai ya riƙe mata hannu gam.

"Maman Dosi, ki bar ni in tafi da ƙafata."

"Ka tafi ka bar ni da wa? Ka yi shiru don Allah, Baban Dosi, ka yi shiru!"

Ita ta ce a yanke, kuma ta san ba zai yafe mata ba. Aka yanke sama da gwiwa. Tun da ya farka bai sake kallon fuskarta ba.

Ranar sallama likita ya naɗe dungun da kansa, ya ɗaga mata yatsa. "Ki saurare ni da kyau. Ciwon bai rufe ba. Ko ɗigo ɗaya na ruwan tabkin nan kada ya taɓa shi. In ƙwayar cutar ta sake shiga, ba ni da abin da zan ba shi, ba kuma sauran wurin yanka."

Senami ta yi wata dariya marar daɗi. "Likita, a kan ruwan aka haife mu. Ɗakinmu a kai yake, kasuwarmu, cocinmu, da shi nake wanke kwanona. Ina zan kai shi?"

Likita ya juya ya tafi. An riga an kira shi wurin wani.

A gaɓar Kalabi masu lodin kifi suka taimaka suka kwantar da Gbetoho a kwalekwale. Ta ɗaure dungun da leda, ta ɗora a kan kwandon kifi, ta kama filafili. Ba su yi nisa ba iska ta taso, igiyar ruwa ta fara marin gefen jirgin tana fantsamo ciki. Tsohon katako ma yoyo yake ta ƙasa. In ta tuƙa, ruwa ya taru. In ta ajiye filafili ta ɗau ƙwarya tana kwarfewa, iska ta juya su.

Gbetoho na kwance yana kallon ruwan na matsowa gindin kwandon.

"Bar shi, Senami," ya ce a hankali. "Tuƙa kawai."

Hawaye na zuba, tana kwarfewa da hannu biyu, gida kuma har yanzu ko rufinsa ba a hango ba.