Ƙwayar Ƙarfen da Ta Yi Saura

Na'Allah mutum ne da ba a faɗa masa ya ji. Shekarar da soja suka sake karɓe mulki, ambirayajin motonsa, wato kulocin babur ɗinsa, ya fara zamewa, matarsa Habsa ta ce ya kai wa Kailu makanike a Filinge. Ina! Shi da ya taɓa gyara injin niƙa? Ya sayo sababbin farantan ambirayaji a kasuwar Baleyara, ya shimfiɗa tabarma tsakar gida, ya farke cikin moton kamar mahauci. Kuma a jajibirin birbe, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare ta 'yarsa Muna, wadda ta faɗi bara, in ta rasa bana makaranta ta sallame ta ke nan. Don Allah wane mai hankali ke yin haka?

Da safe Muna ta hau baya, takardar shiga jarrabawa a hannu. Ƙarfe takwas ake rufe ƙofa, daga ƙauyensu zuwa Filinge kuwa rabin awa ce a moto. Na'Allah ya buga, moto ya tashi. Ya matse hannun ambirayaji, ya ji shi sako-sako. Ya saka bitas, wato giya, moto ya yi tsalle ya mutu. Har sau uku.

"Ɓarayin Baleyara!" in ji Na'Allah. "Jabu sunka saida min!"

Ya ɗaure wayar ambirayaji har ta kusa tsinkewa. A banza. Ya kwance murfi, mai ya malale a ƙasa. Faranti na nan lafiya lau, sai dai sandar da ke tura su ba ta kai musu. Wani ɗan abu ya ɓace a tsakani.

"Ke Habsa! Mi kinka share jiya?"

"Malam, ban taɓa wurin ba. Kai kac ce kowa shi matsa."

"Baba, bakwai ta wuce," in ji Muna.

"Yi min shiru!"

Yarinya ta sauka, ta tuɓe takalma ta riƙe, ta ruga hanya. Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya fizgi rariyar Habsa yana tankaɗe rairayi, yana zagin kaji, yana zagin maƙeran moton tun daga kakanninsu.

Wajen azahar Muna ta dawo, ƙafafu duk ƙaya. Ta tarar an rufe ƙofa, mai gadi ya ƙi ko da kallon takardarta. Ta aza takardar kan sirdin moton ta shige ɗaki.

Na'Allah ya dubi takardar. Ya sa hannu aljihu neman goro, sai ya taɓo abu mai sanyi: ƙwayar ƙarfe, girman wake. Nan ya tuna. Jiya da ya gama haɗawa ita ta yi saura a tabarma, ya juya ta, ya ce ba ta da aiki, ya jefa aljihu. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba.

Habsa na tsaye bakin madafa, ta ga abin a tafinsa.

"Ka samu, Malam? To maida ta. Gobe sai ka kai Muna gona."