Kwatancen Baba

Tun ƙarfe tara na safe Baba yake zaune a bakin tagar hawa na shida, sanye da kayansa na fita unguwa, ya kafa wa titi ido. Ƙanwarsa ce za ta zo. Shekara ashirin da shida rabonsu da juna, yau kuma hanya ta biyo da ita: mota ta sauke ta a tasha, ƙarfe huɗu jirgi zai ɗauke ta zuwa wurin ɗanta a ƙasar waje, can za ta ƙarasa zamanta. Ita tana da saba'in da biyu, shi tamanin ba ɗaya. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san in ba su ga juna yau ba, sai a lahira.

Auta, 'yarsa da ke kula da shi, ta so ta je tasha da kanta. Sai dai liftar ginin ta mutu sati uku ke nan, Baba ba ya iya sauka matakala, likita kuma ya hana a bar shi shi kaɗai tun faɗuwar da ya yi a banɗaki. Don haka Gwaggo ta ɗauki tasi, Auta ta karanta wa direban adireshi a waya: Sabuwar Unguwa, gini na goma sha huɗu.

Ba a yi rabin awa ba direban ya kira yana tambayar wace Sabuwar Unguwar, don shi guda huɗu ya sani. Birnin ne ba ya zama wuri ɗaya, kullum sai ya kwana ya tashi da wata unguwa, ba mai lokacin raɗa mata suna na kirki. Auta ta ce ya duba taswirar wayarsa. Ya ce ya duba, wurin da take faɗa gona ce. Ta ce ya karya kwana a gidan mai. Ya ce tara ya ƙirga daga tasha, wanne a ciki? Sau uku tana maimaita magana ɗaya, sai ta ji ƙaurin tukunya daga kicin.

"Baba, riƙe mini wayar nan. Riƙewa kawai, don Allah kada ka ce komai."

Wannan kuwa ba umarnin da za a ba Baba ba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu tun garin bai san lambar gida ba, ai ba ya jin ana neman hanya ya kame bakinsa. Gani yake lamba aikin ragwaye ne. Shekara huɗu ke nan da aka rushe tsohuwar unguwarsu don gina gadar sama aka kwaso su nan, har yau bai yarda ya haddace lambar ƙofarsa ba.

Daga kicin Auta ta ji shi yana ce wa direban ya miƙa wa mai kujerar baya wayar.

"Ke, kin tuna maƙera?"

Ashe ta tuna. Maƙerar ta zama banki, kududdufi ya zama wurin ajiye motoci, rijiyar nan mai baki biyu tana ƙarƙashin wani otal, amma Gwaggo tana ganinsu sarai ta gilashin tasi. Shi yana faɗa, ita tana nuna wa direba da yatsa. Suna yi suna gardama a kan wanda ya tura wani cikin kududdufin suna yara, Baba yana dariyar da Auta ta manta yana da ita. Ta girgiza kai. Abin da ya gagari taswira, ga tsofaffi biyu sun warware shi da abubuwan da babu su. Hankalinta ya kwanta, ta sake ɗora wata tukunyar, ta share falo, ta fito da kofunan baƙi.

Ɗaya ta wuce da rabi lokacin da ta ji ya ce, "Da kin wuce gidan rini, sai ki hango ƙofarmu ta katako."

Ludayin ya suɓuce daga hannunta. Ƙofarsu ta ƙarfe ce, kuma ba a hango ta daga ko'ina.

"Baba, ina kake kai ta?"

"Gida mana," in ji shi, yana hararar ta don ta katse shi. Sai ya dubi tagar, ya dubi rufin gine-ginen da ke ƙasa da shi, bakinsa ya tsaya a buɗe.

Auta ta karɓe wayar. Direban bai ɓoye mata komai ba. Suna can ɗaya ƙarshen birnin, da irin cunkoson da ake ciki awa biyu ce tsakaninsu, filin jirgi kuma yana wata nahiyar daban. In bai juya yanzu ba, jirgi zai tafi ya bar tsohuwa. Ta roƙe shi, ta yi masa faɗa, ta sake roƙonsa. Haushi ya cika ta har wuya: haushin birnin da ya fi ƙarfin masu zama cikinsa, haushin lifta, haushin Baba, da nata na kanta da ta tsaya goge kofuna tana jin daɗi. Ta rasa wanda za ta sauke wa, ta zauna a hannun kujera tana huci.

Can sai muryar Gwaggo ta dawo, ƙarar manyan motoci na neman danne ta. Ta fita daga tasin, ta ce a ba ta yayanta. Auta ta buɗe sautin wayar ta ajiye masa a cinya.

"Yaya, na iso."

Baba ya tambaye ta abin da take gani. Ta ce ginshiƙan gada, da wani mai facin taya, sai wannan baƙin dutsen na bakin hanya, shi dai ba su iya ɗauke shi ba.

"To, ba dutsen baya," in ji Baba. "Yi taku goma sha biyu."

Suka ji tana ƙirgawa a hankali, tana haki. Direban yana ta danna mata hon.

"Na yi, Yaya."

"Kina bakin ƙofa ke nan. Yi sallama."

Ta yi sallama a tsakiyar ƙarar motoci. Baba ya gyara zama, ya amsa mata, ya ce ta shigo.