Buhunan da Suka Ɓata Hoto

Kwazazzabon da ke cin gonata ya fara ne a matsayin 'yar hanyar shanu. A lokacin yaro ma tsallake shi yake yi da ƙafa ɗaya. Yanzu in mutum uku suka hau kafaɗar juna a cikinsa, na sama ba zai leƙo waje ba. Kowace damina sai ya yanki rabonsa. Bara kunya goma sha ɗaya ya haɗiye, da masarar da ke kai. Gonar nan ita ce abincin gidana, ba ni da wata.

Ni da uwar yara abin da muka iya shi ne buhu. Mukan tsinto tsofaffin buhunan siminti, mu cika da yashi, mu ɗinke baki, mu jera a inda ruwa ke kwararowa. Ba sa hana shi, amma suna rage masa gudu. Na sa an rubuta wa ma'aikatar kula da ƙasa takarda sau huɗu, ko mai shara ba su aiko ba.

Ana nan sai ga ɗan ƙanwata, wanda duk dangi ke kira Mai Hoto. Shi ba ya ɗaukar mutane. Dutse yake ɗauka, da kogi, da gajimare, kuma wai har koyarwa yake yi. Yakan cika mota da masu hali, ya kai su daji da sassafe, su tsaya suna kallon abin da Allah ya ajiye kyauta. Ya zo gaishe ni, na ja shi gona don ya ga halin da kawunsa ke ciki.

Da ya tsaya a bakin ramin sai ya dafe kai. "Innalillahi!" in ji shi. Na ce a raina, ashe yaron nan yana da tausayi.

"Kawu, kana da wannan ba ka taɓa gaya mini ba? Dubi ja, dubi ruwan ɗorawa, hawa-hawa! Ka san nisan da nake kai mutane neman rabin wannan?"

"Gonata yake ci," na ce.

"Na sani, Kawu, na sani. Rana ta ina take fitowa?"

Na so in kore shi, amma sai ya faɗi maganar da ta tsayar da ni. Ya ce zai kawo ɗalibansa nan, kuma wata mai zuwa zai baje hotunan a babban zaure, Daraktan ma'aikatar kula da ƙasa ne zai buɗe taron. Na yi lissafi. Mutumin da ya ƙi karanta takarda huɗu, ai idonsa ba zai ƙi ganin rami ba. Na ce ya kawo su.

Ranar Asabar, gari bai gama wayewa ba, motarsu ta tsaya. Mutum tara ne, ba yaro ko ɗaya: likita, tsohon alƙali, wata hajiya mai shagon magani, da sauransu. Kowa da jaka a baya da wani ƙarfe mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara. Suka bi ta cikin wakena kamar titi ne.

Mai Hoto ya tara su ya fara karatu. "Darasi na farko: duk abin da hannun mutum ya taɓa, a fitar da shi. Ba waya, ba leda, ba kwanon rufi. Ƙasa muke so yadda aka halicce ta."

Likitan ya leƙa kyamararsa ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. "Malam, akwai wasu buhuna."

Mai Hoto ya matso kusa da ni yana sosa ƙeya. "Kawu, ko za a ɗan janye su? Awa ɗaya kawai."

"Ka ɗaga guda ɗaya ka ji," na ce.

Ya gwada. Bai ko motsa shi ba.

"To uwar yara ta ɗauki ashirin a cikinsu. Ba inda za su."

Uwar yara tana tsaye da fartanya a kafaɗa. Ta ce mini, "Bar shi, Malam. Hannunsa na danna maɓalli ne, kada ya goce."

Ɗaliban suka yi dariya, shi ma ya yi ta dole. Sai ya juya ya mai da abin darasi na biyu. Ya koya musu yadda ake durƙusawa a karkata kyamara har buhu ya ɓuya a bayan tudu. Na ga tsohon alƙali kwance rub da ciki a kan kunyata, mutumin da a da sai an miƙe in ya shigo. Buhun da ya ƙi ɓuya kuwa, in ji Mai Hoto, kwamfuta za ta goge shi.

Da rana ta ɓullo sai wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙyas-ƙyas ɗin kyamarori. Na matsa gaba na tsaya a daidai inda ƙasa ta tsage, ina nuna tsagar da sandata, don Darakta ya gani da kyau.

"Kawu, ka shigo hoto."

"Ai da gangan na shigo."

"Don Allah ɗan koma baya. Ƙara. Ƙara kaɗan. Yauwa."

Sai da na kai gindin motarsu ya ce yauwa.

Da za su tafi, hajiyar nan ta zo ta gaishe ni da ladabi. "Baba, shekara nawa ya ɗauka kafin ya yi kyau haka?"

"Tara," na ce. "Da rabin gona."

"Masha Allah," in ji ta.

Ranar taro na sa rigata mai kyau na shiga mota. Zauren fari fat, sanyi kamar cikin randa, mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa kamar an zo dubiya. A bangon ƙarshe na gan shi. Hoton ya fi ƙofar ɗakina tsayi. Gaskiya ɗaya ce, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Bangon ramin yana walƙiya kamar an shafa masa zinariya, hazo kwance a ƙasansa, sama shuɗiya. Babu buhu ko ɗaya. Babu masarar da ta rufta, babu shingen da ya karye. A ƙasa an liƙa 'yar takarda, na sa wani ya karanta mini: "Numfashin Ƙasa."

Darakta ya iso da mutanensa. Ya yanke ƙyalle, aka tafa, ya bi bango yana gyaɗa kai, har ya zo gaban ramina. Nan ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"A ƙasar nan wannan yake?"

"Ranka ya daɗe, gonar kawuna ce. Ga shi nan," in ji Mai Hoto.

Darakta ya kama hannuna da hannu biyu. "Baba, Allah ya yi maka baiwa."

"Ranka ya daɗe, baiwar tana cin kunya goma sha ɗaya a shekara."

"Wato har yanzu girma yake yi?"

"Kowace damina."

Ya juya ga mutanensa, ido a buɗe. "Kun ji? Rayayye ne! Muna zaune a ofis, ba wanda ya sanar da mu."

"Na rubuta sau huɗu," na ce, amma tafi ya rufe muryata. Mai Hoto ya matse mini gwiwar hannu yana raɗa, "Kawu, ana ɗauka, yi murmushi." Darakta ya karɓi makirufo ya yi alkawari a gaban jama'a cewa kafin mako ya zagayo ma'aikatarsa za ta ɗauki mataki. Na koma gida na ce wa uwar yara ta kwantar da hankalinta.

Bai yi ƙarya ba. Kwana shida sai ga babbar mota. Na fito da sauri ina zaton siminti ne da duwatsu. Allo suka sauke, kore, mai ƙafa biyu na ƙarfe. Suka kafa shi a bakin ramin. Shugaban leburorin ya karanta mini: wurin shaƙatawa ne na hukuma, an hana taɓawa, cikewa ko canza kamanninsa.

"Waɗannan buhunan na waye?"

"Nawa ne."

"Babu su a hoton da aka ba mu, Baba. Sai dai haƙuri."

Cikin awa ɗaya suka kwashe aikin shekara biyu. Da motar ta tashi, uwar yara ta ce, "Ka ce in kwantar da hankali. To ga shi na kwantar, sai ka nuna mini inda zan shuka shi."

Ruwan farko bayan haka ya ɗauki kunya huɗu. Na biyu ya ɗauki uku. A na uku ƙasa ta zame daga ƙarƙashin allon, ya kifa cikin ramin, ƙafafu a sama. Wani ɗalibin Mai Hoto ya ɗauki hotonsa ya yaɗa a waya.

Kwana biyu kacal, sai ga injiniya da tifa biyu da injin kwaɓa siminti. Suka zaro allon, suka gina masa katanga ta kankare tun daga ƙasan ramin har sama, da rodi, da magudanar ruwa a gefe. Aiki mai kyau, ban ga abin kushewa ba. Faɗinta taku shida, daidai faɗin allon. Da aka sake ruwa, hagu ya zube, dama ya zube, amma ƙasar da ke bayan allon ko ƙwaya ba ta motsa ba. Na auna bakin ramin da ƙafata, taku ɗari da ashirin ne.

Na kira ɗan ƙanwata.

"Kai Mai Hoto, kana da bakin magana da Darakta?"

"Sosai, Kawu. Amma in maganar buhu ce..."

"Ba buhu ba. Ka gaya masa baƙi suna ɓata hanya. Allo ɗaya ya yi kaɗan ga wuri mai daraja irin wannan. A ƙaro goma sha tara, a jera su kafaɗa da kafaɗa, a bakin ramin sosai."

Ya ce, "Kawu, allo ashirin ai zai kashe hoton."

"Ka goge su a kwamfuta," na ce.

Darakta ya ji daɗin shawarar, har ya ce dattijon nan yana da kishin ƙasa. An amince da guda biyu a bana. Na riga na nuna musu inda za a kafa, wajen da ƙasar ta fi taushi.