Nonon Bazara

Ɗanmaliki ɓarawo ne, ko da yake da rawani ya yi satarsa. Ba akuya ya kwance ba, irin shukar gari guda ya ɓoye.

A zamanin Turawa, manomi kan sayar da audugarsa har da ƙwayarta. In an gurje ta a inji, sai En'e, hukumar gargajiya, ta dawo da anguryar, wato ƙwayar, ta raba wa manoma kyauta su shuka. A shekarar da nake magana, buhu arba'in aka sauke wa mutanen Yashe, aka damƙa rabon a hannun Ɗanmaliki, wakilin dagaci. Ya raba goma, ya ce gara ta cinye sauran.

Wani manomi, Dauda, na cikin waɗanda suka koma gida da kwando wayam. Ya share gona, ya kai taki, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. In lokacin shuka ya wuce, bana babu auduga, kuma da ita yake tufatar da mutum tara.

Ran nan wata Bafulatana, Adda Kubura, ta shigo gidan da tallan nono. Rahamatu, matar Dauda, ta buɗe faifai ta ga kindirmo mai kauri, ga curin man shanu har shida. Ciyawa kuwa ko tsiro ba ta yi ba.

"Adda, wannan mai haka a bazara? Ko shanunku tuwo suke ci?"

"Ku dai Haɓe ba ku rabo da sa ido," in ji Adda tana dariya. "Angurya suke ci. Maigidana Hamma ya sayo buhu biyar wajen mai rawaninku. Buhunan ma masu kyau, da jan rubutu, a kansu nake kwana."

Rahamatu ta sayi nonon ba ta nemi ragi ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Da Dauda ya dawo ta kwashe duka ta faɗa masa.

Washegari da hantsi Dauda ya isa ruga. Hamma, mijin Adda, ya ji bayani, ya ce:

"Wallahi na ɗauka nasa ne. Ashe gonarka shanuna ke ci. Saura buhu biyu ban kwance ba, kawo jakinka."

Tare suka kai kayan gaban alƙali a Kankia. Aka kirawo Ɗanmaliki, ya dage gara ce. Alƙali ya dubi hatimin En'e a jikin buhu, ya dubi Hamma.

"Lalle garar Yashe ta girma, tunda har ƙaho gare ta, ana tatsarta."

Ya tura dogarai. A rumbun Ɗanmaliki, ƙarƙashin dammunan dawa, suka zaƙulo buhu ashirin da biyar suna jiran masu saye. Aka raba su a fili, gaban kowa, kwano yana cika har ya zube.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Dauda ya shuka gonarsa har kan iyaka, ya zauna gindin gawo ya ce alhamdu lillahi. Rahamatu ta aika wa Adda goro goma.

Ɗanmaliki kuwa aka tuɓe masa rawani, aka yi masa bulala goma sha biyu a bakin kasuwa, aka ɗaure shi wata shida a Katsina.